Motar da Na Ba da Kiwo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda ya kamaci ɗa ga uwarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mutanen gida duk lafiya lau. Surukarki Dije tana gaishe ki, jikokinki kuma sun yi girman da sai kin tambaya kafin ki gane su. Na san ba a kai takarda inda kike, shi ya sa na ajiye wannan a inda jama'a za su karanta. Wanda ya ga abin dariya ya yi abarsa, ai ni na jawo.

Labarin jar motar nan na zo ba ki, Inna. Shekara biyu da wani abu ke nan da rasuwarki, kuma a cikinsu babu abin da ya wahalar da ni kamarta.

Kin tuna ranar da na shigo da ita garinmu Isa. Lokacin kasuwa na yi da ni, ina kai albasa da wake Maraɗi ta Sabon Birni, ina dawowa da sefa har aljihu ya gaji. Na je Kwatano da niyyar sayen motar kaya, sai idona ya faɗa kanta. Ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta yana naɗewa baya, ga ta ƙasa-ƙasa har kaza sai ta duƙa kafin ta shiga ƙarƙashinta. Rabin unguwa ya fito kallo. Ke kuwa kika zagaye ta sau ɗaya da carbi a hannu, kika leƙa bayanta kina neman wurin sa buhu, ba ki samu ba. Sai kika ce, "Wagga ba mota ta ba, kwalliya ta." Kika koma ɗaki kika bar ni da masu tafi.

Wata uku kina ƙin shigarta. Sai da ciwo ya fara, na kai ki asibiti Sakkwato, sannan kika yarda, don babu yadda za ki yi. A hanyar dawowa, mun wuce Goronyo da la'asar, kika ce in buɗe rufin ki sha iska. Iska ta ɗaga gyalenki, kika dafe shi da hannu biyu kina dariya, irin dariyar da ban ji daga bakinki ba tun rasuwar Baba. Har kika ce in ƙara mata wuta kaɗan. Ita ce tafiyar ƙarshe da muka yi ni da ke, mu biyu kaɗai, don motar ba ta da wurin na uku. Wannan ne dalilin da ya sa na kasa rabuwa da ita. Ban taɓa gaya wa kowa ba, na bar mutane suna cewa girman kai ne. Akwai girman kan ma, ba zan yi miki ƙarya ba.

Bayan kin tafi abubuwa suka juya. Aka rufe iyaka, mai ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, hanya kuma ta lalace da 'yan bindiga. Wanda ya hau jar mota tsakanin Isa da Sabon Birni a wannan lokacin, shi da kansa ya yi shelar inda za a same shi. Abokan kasuwa suka ce in ɓoye ta. Na tura ta cikin tsohon ɗakin ajiya na bayan gida, na lulluɓe ta da tabarmi, sannan na jera dammunan gero kewaye da ita har rufi, yadda duk wanda ya leƙa ba zai ga komai ba sai amfanin gona. Na tsaya ina yaba wa kaina dabara. Ni ɗan manomi, jikan manomi, na manta cewa inda gero yake nan ɓera ke tarewa da iyalinsa.

Wata huɗu ban taɓa ta ba. Ranar da na kwashe dammunan na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Na buɗe gabanta, sai ga gidan ɓera sosai, har da jarirai jajaye kwance cikin audugar kujera. Sun cinye wayoyin wuta tas, sun ɓula robar mai, sun gutsure gefen kujerar da kika zauna. Bakaniken garinmu ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce wannan ta fi ƙarfin sifanarsa, kayanta ma sai an aika Legas.

A nan na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Na sayar da farin sa.

Kin san su, shanun huɗarki biyu, baƙi da fari, waɗanda kika raina tun suna maruƙa da dusa da kanwa. Na ja farin zuwa kasuwar Sabon Birni ina gaya wa kaina cewa kafin damina za ni mayar da wani. Da na dawo da igiya a hannu, Dije ta dube ni ta dubi igiyar, ta ce Allah ya sa hakan ne alheri. Kin san muryar da mace ke faɗin wannan da ita idan ba alherin take gani ba. Kayan gyara suka iso, mota ta tashi, na zauna ciki ina jin kukanta kamar an yi mini albishir. Bayan mako biyu ruwan shuka ya sauka.

Sa ɗaya ba ya jan garma, Inna, ke kika koya mini. Masu shanu kowa ya fara da tasa gonar, kuɗin haya kuma ba ni da su, mota ta haɗiye. Gonarki ta hanyar Tozai, wadda ba ta taɓa kwana cikin ciyawa ba tun ina goye, na shiga da hauya ni kaɗai. Hannun da ya shekara goma yana ƙirga sefa bai kwana uku ba ya yi bororo. Na yi iya yina, ciyawa ta ci rabi. Masu wucewa zuwa kasuwa sukan tsaya bakin gonar su ce, "Allah shi jiƙan Hajo." Addu'a ce mai kyau, amma wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Da kaka abin da muka ɗaure bai kai rabin na kullum ba. Dije ta fara auna hatsi da ƙaramar tiya. Wani dillali ya zo daga Gusau har sau uku yana taya motar, tayin wulaƙanci, don ya ga idona ya faɗa. Sau uku ina miƙa hannu zan karɓi kuɗin ina janyewa. Na kasa sayar da ita, na kuma kasa ciyar da ita, ga wata daminar tana tafe kuma har yanzu sa ɗaya ke turke. Na san idan gonarki ta sake kwana cikin ciyawa, ba motar kaɗai zan rasa ba, har abincin gidana da mutuncinki a bakin mutane.

Ana cikin haka ƙanenki Kawu Mamman ya zo daga Kamarawa. Bai yi mini faɗa ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ya leƙa rumbu, ya leƙa turke, ya je ya daɗe tsaye gaban motar yana tauna goro. Sannan ya tuna mini da saniyarki ta shekarun baya, wadda kika ba Buba Bafillace kiwo shekarar da harawa ta yi wuya. Buba ya tafi da ita rugarsu, shi ke kiwo, shi ke magani, nono nasa ne, amma duk ɗan da ta haifa naki ne, kuma saniya ba ta daina zama taki ba. Kawu ya ce, "Abin da kak kasa ciyarwa, kak kasa saidawa, kiwo akan ba da shi."

Na yi dariya na ce mota ba ta da nono. Ashe ni ne ban sani ba. Kawu ya ce Hamidu, ɗan ƙawarki ta Kurawa, yanzu yana da gareji a Sakkwato, kuma yana ba da hayar motocin ɗaukar ango da amarya. Samarin birni har biya suke yi don su jingina da mota irin wannan a ɗauke su hoto, ba tare da ta motsa ko taku ɗaya ba. Ni ina nan na binne ta cikin gero ina ciyar da ɓeraye.

Muka kai motar Sakkwato, muka zauna mu uku, ni da Kawu da Hamidu, da shaidu biyu. Hamidu ya ce a rubuta takarda, Kawu ya ce za a rubuta, amma sai an fara raba goro kamar yadda ake yi wa saniya. Aka yi sharaɗi. Cinta da shanta da jinyarta duk na Hamidu ne. Kuɗin hoto da na biki uku nasa ne, shi ne nonon. Biki na huɗu nawa ne, shi ne ɗan. Ba zai sayar ba, ba zai sauya mata fenti ba, ba zai sauke ta daga kwalta ba. Hamidu yana rubutu yana dariya, ya ce tun da ya buɗe gareji ba a taɓa mai da shi Bafillace ba sai ranar.

Na miƙa makulli na hau motar haya zuwa Isa, mu huɗu a kujerar baya da akuyar wani a kan ƙafata. Na yi kuka a hanya, Inna. Na ji kamar na sake barin ki a wani wuri na dawo gida ni kaɗai.

Sai ga lokacin bukukuwa ya kama, daga bayan kaka har gab da azumi. Ashe jar motar nan farin jini gare ta a birni. Hamidu mutum ne mai amana, ko sau ɗaya ban tuna masa ba, duk biki na huɗu sai ya aiko. Dije ta ce ita za ta riƙe kuɗin don hannuna yana da ƙaiƙayi. Ban yi musu ba, wanda ya sayar da san huɗa gab da damina ba shi da bakin magana.

Sau ɗaya na je ganinta. Hamidu ya ce tana wurin wani biki, na bi kwatance na same ta a ƙofar babban ɗakin taro, an wanke ta tana sheƙi, an ɗaura mata furanni. Na kutsa cikin 'yan kallo da tsohon kaftanina, na ɗora hannu a kan ƙofarta. Sai mai gadi ya daka mini tsawa, ya ce in ɗauke hannuna, ya tambaye ni ko na san kuɗinta. Na ɗauke na ba shi haƙuri. Ina tafiya ina dariya ni kaɗai har mutane na waiwaye, don duk wurin babu wanda ya san kuɗinta kamata. Farin sa guda da rabin damina.

Da bazara Dije ta kwance ƙullinta, Kawu ya raka ni kasuwa. Shi ya zaɓa, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya sa aka zagaya da shi ya ga tafiyarsa. Ɗan bijimi ne ja, bai gama cika ba amma ƙashinsa mai kyau. Muna shigowa unguwa Kawu ya fara gaya wa mutane cewa motata ta haihu, kuma ɗan ya ɗauko launin uwarsa. Yanzu duk Isa Ɗan Mota ake kiransa. Mako uku muna horar da shi, an haɗa shi karkiya ɗaya da baƙin sanki suna jan gungume. Baƙin ya yi haƙuri da shi ƙwarai, ya fi ni haƙuri nesa ba kusa ba.

Ba zan ce miki komai ya daidaita ba. Fatauci har yanzu rarrafe yake yi, hanya sai da addu'a, motar ma ƙarfe ce, wata rana tana iya kwantawa. Wata takwas ke nan ban riƙe sitiyarinta ba. Amma tana nan da sunana, tana ci da kanta, kuma ba ta ƙara cin komai daga bakin jikokinki.

Ranar Talatar da ta wuce muka yi huɗa. Na cire takalmi na kama garma da kaina. Maƙwabtan gona suna ta tsiya, suna tambayata giya nawa na sa. Ƙasa ta sha ruwa, tana tsagewa da sauƙi, geron ya kai gwiwa, kore shar. Mun fara da hantsi, ba mu tsaya ba sai da muka kai bakin iyakar gabas, wurin da bara ciyawa ta fi ƙarfina. Babu ko taƙi ɗaya da muka bari.

Da na gama kunyar ƙarshe na tsai da shanun, na dubi gonar daga wannan baki zuwa wancan, sai na waiga wajen gida na buɗe baki zan ce a kira Inna ta zo ta gani. Har na ɗaga hannu kafin na tuna. Na tsaya nan riƙe da garma hawaye na zuba, Kawu ya kau da kai ya yi kamar yana gyara karkiya. To ga shi na kira ki yanzu, Inna. Gonarki ta sha huɗa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Baba a gidan da babu rabuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe hanyoyinmu. Ya saka wa Kawu da Hamidu da Dije da alheri, ni kuma ya ƙara mini hankali, don kin san ina da buƙata. Damin farko da za mu ɗaure bana sadaka ne da sunanki, in Allah ya kai mu.

Ɗanki na fari, wanda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunansa ba,
Lawali