Gemun Nasiru

Daren Asabar, Runjin Sambo

Yau magariba ta riske mu a Wamakko, sai wani tsoho ya dubi ƙanena Nasiru ya ce, "Malam, bismilla, ja mu salla." Ni da na koya mishi Fatiha, ni ne a bayansa ina kallon ƙeya. Don kawai gemu ya cika mishi fuska!

Tun bara Bello wanzami ya ce in riƙa bin haɓata da reza, wai gashin zai fito da ƙarfi. Ƙuraje kaɗai na samu. Da na kai ma Inna kuka, dariya ta yi: "Kakanka ka biyo, har ya rasu haɓatai sumul awa tafin hannu."

Allah ya gafarta mini, na so Nasiru ya yi tuntuɓe a karatun. Bai yi ba.