Takardun Gonakin Kwali a Na'ura ta Uku

Zuba, Litinin

Zuwa ga Iyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar taku? Allah ya ƙara sauƙi. Ku gaishe min da Yaya Sadisu.

Iya, hankalina ba a kwance yake ba. Kun san aikina shi ne kula da na'urori uku da ofishinmu ke binciko takardun filaye a cikinsu. Kowacce tana riƙe da jerin abin da ke cikin 'yan'uwanta. To sati guda ke nan ta ukun tana ta rubuta gargaɗi a rahotonta, wai akwai wani kundi a cikinta da babu sunansa a jerin sauran biyun. Oga Badamasi, shugaban sashenmu, ya ce masu duba aiki za su zo ranar Alhamis, in goge kundin kawai gargaɗin ya ɗauke. Shi dai in ya ga allon na'ura ya yi kore babu gargaɗi, duniya ta yi masa daɗi.

Yau na buɗe kundin. Kwafin takardun gonakin ƙauyukan Kwali ne, sama da dubu huɗu, na ainihin kuwa gara ta cinye su tun bara. Na bi rahoton baya har ranar da abin ya fara, sai na ga laifina ne. Ranar an ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na kunna biyu, na bar ta ukun sai da safe, don kar motar ma'aikata ta tafi Zuba ta bar ni. Biyun suka sake jerinsu babu ita, kundin kuwa a cikinta kaɗai yake.

In na goge, babu mai sani. In zan dawo da kundin cikin jerin sai oga ya sa hannu, kuma zai ga ranar da sunana. Watana biyar kacal a aikin, ko tabbatar da ni ba a yi ba. Wallahi tsoro nake ji. Ku sa ni a addu'a.

'Yarku,
Mashkura

Zuba, Juma'a

Iyata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya, ƙafa ta yi sauƙi.

Ranar Laraba na faɗa wa Oga Badamasi gaskiya da bakina. Ya sa hannu bai ko kalle ni ba. Kundin ya dawo cikin jerin, gargaɗin ya ɗauke, masu duba aiki suka yi ta yaba masa. Jiya da yamma aka miƙo min takarda: ba za a tabbatar da ni ba, ƙarshen wata zan ba da makulli.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma kafin in tashi na nemi gonaki goma a na'urar don gwaji, duk sun fito da sunayen masu su.

Ku sa a share min ɗakina, ina nan tafe.

'Yarku mai ƙaunarku,
Mashkura