Hulba a Gwangwanin Madara

Asabar, 24 ga Fabrairu 1996
Breda, nas 'yar Ireland da muke ɗaki ɗaya a gidan ma'aikatan asibiti, ta ce bana ba za ta yi bikin ƙasarsu na 17 ga Maris ba. Duk shekara mahaifiyarta ke aiko mata wani ɗan ganye mai kunne uku a ambulan, shamrok, ta maƙala a ƙirji. Tsohuwar ta rasu a Nuwamba. Tun lokacin ko rediyo Breda ba ta kunnawa.

Litinin, 26 ga Fabrairu
Na karaɗe kasuwar Batha ina nuna zanen ganyen. Kowa "mafi", wato babu. Ina cikin bas na tuna hulbar Inna ta bayan randa, ai kunne uku gare ta. Har na yi dariya ni kaɗai. Na sayo irinta na shuka a gwangwanin madara, na ɓoye bayan labule.

Talata, 5 ga Maris
Ta tsiro! Amma kunne biyu. Haushi kamar in kifar.

Alhamis, 14 ga Maris
UKU. Na ƙirga sau biyar. Na sayo laban, wato nono, da fulawa don burodinsu marar yis, da dankali, da naman rago. Mariama ta ɗakin haihuwa ta ara mini koren ɗankwali, don kore ne launin bikin.

Lahadi, 17 ga Maris
Burodin ya fito kamar dutsen guga. Na miƙa wa Breda gwangwanin. Ta daɗe tana kallo, ta sunsuna.
"Rekiya, wannan ƙamshin miya yake."
Na faɗi gaskiya. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, dariyar ta koma kuka. Sai ta tsinka, ta maƙala a rigarta, ta maƙala mini.
Ta ciro kaset ɗin goge. Rawarsu ƙafa ce kawai, hannu a manne a jiki. Ni da Mariama kafaɗunmu suka ƙi tsayawa, tana ta yi mana tsawa. Daɗi ya ishe ni.
Da muna wanke-wanke ta tambaye ni wa ya koya mini shuka hulba. Na ce Inna. Ta ce yaushe rabona da ita. Na ce aiki ya yi yawa. Ta ci gaba da ɗauraye kwanoni.

Litinin, 18 ga Maris
Wata bakwai ke nan rabona da rubuta wa Inna wasiƙa, na duba. Na sayi ambulan. Ganye ɗaya ya rage a gwangwanin, kuma ba ya da nauyi.