Hon Biyu Daga Kan Tudu

Litinin, 2 ga Satumba

Yau dakatarwar ta fara. Ba shiga filin ƙwallo, ba shiga ofis, ba magana da 'yan wasa ko mataimakana, ko ta waya, har hukumar wasannin kwalejoji ta yanke hukunci. Ga gidana yana kallon filin, titi ɗaya ne tsakaninmu.

Shekara talatin da ɗaya ina aikin nan. Da wankin rigunan 'yan wasa na fara, na tuƙa bas ɗinsu, na zama babban koci da takardar sakandare kawai. Yau wata yarinya mai digiri biyu ta karɓi makullaina tana cewa, "Yi haƙuri, Koci Pruitt."

Laraba, 4 ga Satumba

Bari in rubuta yadda aka yi, don kaina.

Doka ta ce a Yuli koci ba ya sa yara atisaye, sai in su suka ga dama. Duk Mississippi an san yadda ake wannan ganin damar. Ni ƙafata ba ta taka fili ba. Ina ajiye a-kori-kurata a kan tudun bayan coci, in zauna da shayina mai ƙanƙara. Cedric Hollis, mataimakina, shi ke ƙasa da usur. In na danna hon ɗaya, ya isa. Hon biyu, a sake zagaye. Haka wanda ya koya mini yake yi, kuma ba wanda ya mutu.

Tunda a ɓoye ne, ba mu kira ma'aikacin jinya ba. Kiransa sai an cike takarda. Ran sha bakwai ga Yuli, rana na dukan tsakiyar ka, ɗan wasanmu Tremaine Gaskin ya yanke jiki ya faɗi. Ƙoda. Har yanzu yana asibiti a Jackson ana yi masa wankin ƙoda. Yaron dama ba mai shan ruwa ba ne, kowa ya sani.

Alhamis, 5 ga Satumba

Lauya ya zo. Akwai takarda a ofishin shugaban kwaleji, wa'adinta 27 ga wata. In na sa hannu cewa ni na ba da umarni, hanin shekara biyu. Ga mai shekara sittin da ɗaya irina, ai an gama ke nan. In ban sa ba, laifin na Cedric ne, don shi kaɗai ya fito a bidiyon da wani yaro ya ɗauka.

Ya ce, "Koci, wa ya ga hannunka a kan hon? Kai dai ka kama bakinka."

Shi ma Cedric an dakatar da shi. Ba zai ambace ni ba. Mataimakin da ya tona asirin maigidansa, ba kocin da zai sake ɗaukarsa ko don share fili.

Asabar, 7 ga Satumba

Wasan farko. Daga baranda ina jin ganguna da ihu, ba na ganin komai sai bayan allon maki. Mun ci da uku. Da ina wurin da ashirin ne.

Talata, 10 ga Satumba

Na yanke ciyawa. Matata Vernice ta leƙo ta taga: "Odell, karo na uku ke nan makon nan. Ka bar wa ƙasa mayafinta mana."

Juma'a, 13 ga Satumba

Na je cin soyayyen tarwaɗa a gidan abincin Buck. Ina shiga tsoho Lamar ya ɗaga hannu: "Odell, don Allah kar ka danna mini biyu, gwiwata ba lafiya." Aka kwashe da dariya. Har da ni.

A mota sai abin ya dame ni. Ashe duk gari an sani. Hukuma ce kawai ba ta da shaida.

Lahadi, 15 ga Satumba

Coci. Cedric a ɓangaren hagu, ni a dama, kamar waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba. Ni na ɗauko shi yana ɗan shekara sha takwas, ni na tsaya masa uba ranar aurensa. Ya rame.

A bakin ƙofa matarsa Latrice ta tare ni, da cikinta tsoho. Ta ce, "Koci, ni doka ba ta hana ni magana ba." Na ce ina ji. Ta ce, "Ya ce kai ka mai da shi mutum, don haka ba zai buɗe baki ba. Na ce masa to Koci ya zo ya mai da shi mai aiki." Ta gyara jakarta ta wuce.

Rashin kunya ce. Da muka isa gida Vernice ta ajiye mini burodin masara ta shige ɗaki.

Laraba, 18 ga Satumba

Ba komai.

Asabar, 21 ga Satumba

Na rufe tagogi, na kunna rediyo, na kashe. Gidan nan ya yi mini kaɗan. In fita, a tsokane ni. In zauna, ga fili.

Talata, 24 ga Satumba

Lauya ya bugo yana murna. Cedric ya rubuta wa hukuma cewa shi kaɗai ya shirya atisayen, ni ban sani ba. "Ka fita, Koci. Farkon Oktoba kana kan aiki. Shi za su ba shi shekara biyar."

Na faɗa wa Vernice. Ta ci gaba da wanke kofi ɗaya har na gaji da tsayuwa. Can ta ce, "To madalla. Ka samu abin da kake so ko?"

Shekara biyar. Yana da talatin da huɗu.

Alhamis, 26 ga Satumba

Abinci bai shiga ba.

Juma'a, 27 ga Satumba

Na fita sayen ƙusoshi, hanya ta biyo da ni ta ofishin shugaba. Yarinyar nan ce dai. Ta miƙo takardar amsa laifin ta ce ko zan jira lauya. Na ce ni ma na iya karatu.

An rubuta wai Cedric ya sa su zagaye goma sha biyu. Kuskure ne, ni kuma ba na son aiki da kuskure. Cedric a goma ya hura usur ya ce su je su sha ruwa. Biyun ƙarshe nawa ne, ni na danna hon. Na gyara da birona, na sa hannu a ƙasa. Shi ke nan. Ba don Latrice ba ne.

Ƙusoshin ma na manta.

Vernice ta ce gobe za ta Jackson duba Tremaine. Ba ta iya tuƙin babbar hanya ba. Dole dai wani ya kai ta.