Tawada Ta Cinye Fuskar

Malam,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto maka, ni da ko hannu ba na iya ɗagawa a ajinka. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ni ma lafiya lau, sai dai har yanzu ni kaɗai nake zama lokacin tara, amma ba komai.

Kai ka koya mana mu fara da fensir, mu yi ta gogewa har hanci ya zauna daidai. A nan sabuwar makarantarmu malamar zane ta karɓe fensir, ta ba mu buroshi da baƙar tawada. Wata mata ta sunkuya a gabanmu minti biyu kacal don mu zana ta. Na ja layi huɗu, tawadar ta tsiyaya ta cinye wurin fuskar.

Ta kusa da ni ta yi dariya ta ce, "Wannan mutum ne ko kujera?" Malamar kuwa ta daɗe tana kallo, ta ce kada in ƙara ko ɗigo.

Ni Innata na gani, ta duƙa tana wanki. Abin da ke damuna, Malam, wata bakwai ke nan rabona da ita, in na rufe ido bayanta nake gani, fuskar ba ta zuwa.

Ga zanen nan a cikin ambulan. Don Allah ka nuna mata ba tare da ka ce komai ba, ka ga ko za ta gane kanta. Ka gaishe ta, ka ce na saba da wurin.

In ba zan dame ka ba, ka ba ni izini in sake rubutowa, in ji abin da ta ce.

Ɗalibarka ta bencin ƙarshe