Tukwanen Herminia

Litinin, 6 ga Maris
Kwana huɗu ke nan matata Herminia tana asibiti. Ɓarin dama ya shanye, bakin ya karkace. Da zan tafi ta riƙe min hannun riga, ta ce, “Ruwa... sama.” Tsirranta na saman soro take nufi, masu kaurin ganyen nan. Shekara talatin ina yi mata tsiya a kansu, ban taɓa hawa na duba ba. Yau na hau. Tukunya arba'in da uku! Na shayar da su duka.

Alhamis, 9 ga Maris
Safe da yamma nake ba su ruwa. Shi kaɗai ne abin da ta roƙe ni. Gidan shiru, ko rediyo ba na kunnawa.

Talata, 14 ga Maris
Babbar shukar, mai ruwan toka da ja a bakin ganye, wadda marigayiya uwarta ta ba ta ranar aurenmu. Na taɓa ganyen sai ya zubo a hannuna. Gindin ya yi baƙi, yana wari.
Ban ci abinci ba.

Asabar, 18 ga Maris
Na sa gawar a leda na kai kasuwa wurin Doña Chabela mai sayar da tsirrai, inda Herminia ke saya. Ta leƙa ledar, ta dube ni, ta kira sunana.
“Don Eulalio, shinkafa kake nomawa a soron?”
Na ce sau biyu kawai a rana nake ba su ruwa, kuma Herminia ce ta ce min “ruwa”. Har mai tumatir na gefe sai da ta yi dariya.
“Sau ɗaya a sati biyu, bawan Allah! Sai ƙasar ta bushe ƙarau. Matarka cewa ta yi kada ka ba su.”
Shekara ashirin da takwas ina tuƙa bas, ba wanda ya taɓa kunyata ni haka. Na ce ta ba ni irinta sak. Ta zaɓo wata mai tauri, ta juya ganyen ta nuna min ba ƙwari, ta haɗa min da ƙasa mai tsakuwa. Ta ce, “Za ta gane fa.” Na ce ba ruwanki.
Na dasa a tsohuwar tukunyar.

Lahadi, 19 ga Maris
Wasu shida ma sun ruɓe. Na ɓoye butar ban ruwan.

Juma'a, 24 ga Maris
'Yarmu Maricruz ta zo daga Puebla. Likita ya ce uwarta ba za ta ƙara hawa bene ba. Wai mu rufe gida mu koma wurinta, hawa na biyar, akwai na'urar hawa. Na ce tukwanen fa?
“Baba, yaushe ka fara damuwa da tukwane? A rabar wa maƙwabta.”
Na daka mata tsawa. Ban san dalili ba. Ta tafi tana kuka, ko atole, kunun masaran da na dama, ba ta sha ba.

Laraba, 29 ga Maris
An sallamo Herminia. Tana zama a keken guragu kawai ta nuna sama. Na sauko da tukunyar uwarta na ɗora mata a cinya. Ta daɗe tana shafa ganyen da hannun hagu. Sai ta ɗago.
“Ɓa... rawo.”
Na durƙusa na faɗa mata komai, har shidan. Hawaye ta ido ɗaya. Na ce, “Tsohuwa, ki yafe min.” Ta juya fuska bango. Har yamma ba ta karɓi abinci daga hannuna ba.

Asabar, 1 ga Afrilu
Ba ta kula ni.

Talata, 4 ga Afrilu
Na sauko da sauran tukwanen zuwa tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, inda rana ke faɗowa da safe. Bayana kamar zai ɓalle. Ta zauna a bakin ƙofa tana nuna inda zan ajiye kowace. Wata sau huɗu ta sa na canza mata wuri. Da gangan, na sani. Da na yi tsaki sai na ga rabin bakin yana murmushi.
Na kira Maricruz na ba ta haƙuri. Na ce ba inda za mu.

Asabar, 8 ga Afrilu
Barkono na je saya. Ban san yadda aka yi na dawo da wata 'yar ƙaramar shuka mai jan ganye ba. Herminia ta miƙo hannu za ta karɓa. Na ce a'a, wannan ba taki ba ce.