Kada Ka Biyo Daji, Zunnuraini

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, Zunnuraini ɗan Maraɗi,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ƙarfin bakina, ina gaida Inna da ƙanwarka Nana. Da hannuna na rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in turo maka, domin duk lokacin da na ji muryarka a waya kuka ke riga ni magana, ga shi kuwa maganar yau ba ta son kuka.

Ya masoyina, wane irin abu ne wannan! Maraɗi da Jibiya, tafiyar da mutum ke yi bayan karin kumallo ya dawo ya tarar da azahar, yau ta zama kamar tsakanin ƙasa da wata. Tun da aka rufe iyakar nan, bakin shingen da nake aiki ya yi tsit. Manyan motoci sun jeru sun yi shiru, albasa ta ruɓe a cikinsu, direbobi na kwance ƙarƙashinsu kamar marasa lafiya. Ni kuwa nakan zauna da akwatin allurar rigakafina a gindin bishiyar bedin nan, ina kallon arewa har idona ya yi ruwa. Hadari ya taso daga wajenku ya tsallako, ba jandarman da ya tare shi. Balbelu su wuce ta kaina, ba wanda ya tambaye su takarda. Sai kai kaɗai, farin watana, aka hana wa hanya?

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ana yayyafi, ka sauko daga motarka mai lodin aya, igiyar tamfol ta yanke maka tafin hannu, jini na ɗiga kana ɓoye shi a bayanka wai kada a ce ka cika raki. Na ce ka miƙo. Ka miƙo kana kallon gefe. Da na gama ɗaurewa ka ce mini "marsi", godiyarku ta Faransanci, na yi dariya, kai ma ka yi, har ka manta hularka a kan bencina. Wallahi har yau ban yarda mantuwa ce ba!

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, zumar raina, farkonmu ba zuma kaɗai ba ne. Ka tuna da ka ce ba ka son ganina cikin direbobi da 'yan duwan, wato kwastan, in bar aikin in zauna gida? Na ce maka ba zan bari ba, don yaran da ake tsallakowa da su a goye amana ce a wuyana. Muka yi shiru da juna, shirun da ya fi duka ciwo. Abinci ya fita kaina, Gwaggo Hasiya har ta ɗauka zazzaɓi ne. Sai rannan na ɗaga kai na gan ka zaune nesa kaɗan, ka wuni kana kallon yadda nake lallashin iyaye mata, ina ɗiga wa jarirai magani. Da la'asar ka matso ka ce, "Mutmainna, na gani da idona. Kishi ne ya rufe ni. Ki riƙe aikinki, ni kuma ki riƙe ni." A nan muka yi alkawari: abin da ya dame mu, a bakin juna za mu ji shi, ba a bakin mutane ba. Wannan alkawarin ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Da Baba ya ce bai san asalinka ba, kuma direba ba ya zama wuri ɗaya, ba ka yi fushi ba. Kai da kanka ka ce a tura a bincika. Kawu Lawal ya je har unguwarku, ya dawo yana yabon gidanku, yana cewa limaminku ya shaide ka. An sa lokacin da manyanka za su zo gaisuwa, na wanke tabarmi, na sayi turare, sai ga labari a rediyo: an rufe iyaka. Kai, wannan rana! Ji na yi kamar an janye ƙasa daga ƙarƙashin ƙafata.

To, ga abin da ka ji, kuma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Mutanen Alhaji Badaruddeen mai hatsi sun zo wurin Baba neman aurena. Na san shi ya tayar maka da hankali, har ka ce mini a waya ka samu ɗan kabu-kabu da zai biyo da kai ta daji, ta bayan Mazanya, ka zo ka tsaya gaban Baba da kanka. Tun da na ji haka zuciyata ba ta zauna ba.

Kada ka zo, Zunnuraini! Don girman Allah kada ka biyo daji! Ni da na ƙagu in ga ko inuwarka, ni ce yau nake roƙon ka kada ka zo. Ka san abin da ke cikin dajin nan. Imrana maƙwabcinmu ta nan ya bi da babur ɗinsa bai dawo ba, har yanzu matarsa na zabura duk lokacin da aka taɓa ƙyaure. So kake in zama ita? Me zan yi da jarumtar da za ta raba ni da kai? Wa zan nuna wa lallen da zan ƙunsa, idan idon da na yi dominsa ba ya nan?

Saurara ka ji abin da ban samu bakin faɗa maka a waya ba. Bayan tafiyar baƙin, Baba ya kira ni gaban Mama ya tambaye ni ra'ayina. Kaina a ƙasa, ni da ban taɓa ambaton sunan namiji a gabansa ba, na ce, "Baba, na riga na ba ɗan Maraɗi magana, kuma bai saɓa mini ba, hanya ce ta saɓa mana." Baba ya gyara zama. Sai ya ce, "To, Allah ya buɗe hanya. Ni ma na ba ɗan Maraɗin magana." Da kansa ya je ya ba Alhaji haƙuri.

Ka ji ko, tauraron asubahina? Ba wanda ke tsere da kai. Wurinka na nan, ba mai zama a cikinsa. Abin da nake nema a wurinka ya fi tsallake daji wuya, na sani: ka zauna, ka yi haƙuri, ka yarda da maganata ba tare da ka ga fuskata ba, kamar yadda na yarda da taka. Idan zato ya zo maka, kira ni ka tambaye ni. Idan kewa ta danne ka, faɗa mini, mu ɗauke ta tare, don ni ma tana nan zaune a ƙirjina kamar dutsen niƙa.

Ina son ka, son da gero ke yi wa ruwan Agusta. Ina kewar tafiyarka, da yadda kake gyaran murya kafin ka faɗi abin da ke ranka. Ranar da za a ɗaga ƙarfen shingen nan, ka zo ta kan kwalta, da rana tsaka, da manyanka a gaba, kowa na gani. Ko gero ya nuna an girbe, ko an sake shuka wani, za ka same ni yadda ka bar ni.

Ka kira ni da zarar ka karanta. Kalma ɗaya nake jira daga bakinka: "Na fasa."

Taka ce, yau da gobe, har ranar da za a miƙa ni ga Mai Sama,

Mutmainna
Jibiya